Game da taken nan na "Aljannar da ta ɓace" da aka laƙaba wa Zariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira, ya tsare mana ku, amin.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne sharhin nan da kuka buga kwanakin baya kan Zariyar da da ta yanzu, wanda marubucin ya sa wa take "Aljannar da ta ɓace", har a ciki ya ce ai irin wannan shi Turawa ke kira Paradise Lost. Sharhin ya yi daɗi wallahi, kuma ya sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi, don duk wanda ya san tashar jirgin ƙasa ta Zariya lokacin tana tashe, ya san kamfanin taba da gidan gurzar auduga lokacin ma'aikata na fita da safe a kan kekuna, to dole jikinsa ya yi sanyi in ya karanta. Ba ni da ja da abin da ya lissafo. Inda nake da magana shi ne kan wannan suna da ya aro, saboda yanzu ya zama ruwan dare, yaranmu a Facebook da WhatsApp da zarar sun ga tsohon hoton wani wuri mai baƙi da fari sai su liƙa masa Paradise Lost su bi da alamar kuka, Jos ne, Kakuri ne, dalar gyaɗa ce ta Kano, tafkin Chadi ne, duk sunan ɗaya, kuma in ka tambaya daga ina kalmar ta fito da yawansu sai su ce karin maganar Turawa ce. To ba karin magana ba ce, sunan littafi ne, kuma abin da littafin ke faɗi ya kusa zama kishiyar abin da muke amfani da sunan muna faɗi.

Waƙa ce doguwa ta addini, wani Bature ɗan Ingila John Milton ya yi ta. An haife shi a Landan a 1608, ya rasu a 1674. Waƙar ta fara fitowa a 1667 cikin kashi 10, daga baya a 1674 ya sake tsara ta ta koma kashi 12, kuma layukanta sun haura 10,000, babu tsarin amsa-amo a ƙarshen layi, kari ne kawai ke riƙe da ita, shi da kansa ya rubuta a gaban littafin cewa da gangan ya bar amsa-amon don yana ganinsa a matsayin takunkumi. Abin da ya fi ba ni mamaki har gobe shi ne mutumin nan makaho ne lokacin da ya yi ta, tun 1652 idonsa ya tafi gaba ɗaya, sai dai ya shirya baitocin a ka, ya riƙe su, in ya samu mai rubutu ya yi masa shifta, layi goma, ashirin, talatin a zama ɗaya. Mu mutanen Zazzau bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wajenmu ba, tunda a ƙasarmu aka yi Malam Aliyu Namangi, Allah ya jiƙansa, makaho, mai Imfiraji, wanda har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma har yau in ka zauna a ƙofar gida a cikin birni kana iya jin mai bara ya wuce yana rera baitocinsa. Don haka in an ce makaho ya yi doguwar waƙa kan Aljanna da wuta da halin ɗan Adam, mu mun san irin wannan baiwa da idonmu.

Kuɗin da aka ba Milton a kan wannan aiki fam 5 ne a hannu, da alkawarin wani fam 5 in an sayar da kofi 1,300. Shi ke nan.

To me waƙar ke cewa? Layinta na farko-farko ya riga ya faɗi komai, ya ce zai yi waƙa ne kan saɓon farko da mutum ya yi da ɗan itaciyar nan da aka hana. Ka ga tun daga bakin ƙofa maganar saɓo ce, maganar wanda aka ba amana ya ci. Bai fara da kwatanta kyan lambun ba, bai fara da kukan rabuwa da shi ba, ya fara da laifi da mai laifin. Kuma ya faɗi manufarsa a fili cewa yana so ne ya nuna wa mutane Ubangiji bai zalunci kowa ba a cikin wannan al'amari. A kashi na 3 ma akwai inda ya kawo cewa an halicci mutum da isasshen ƙarfin da zai iya tsayuwa, sai dai an bar masa zaɓi in ya so ya faɗi. Duk ginin waƙar a kan wannan yake.

Shi ya sa fassarar "ta ɓace" ba ta zauna mini ba. Abin da ya ɓace ai cigiya ake yi, a bi unguwa-unguwa ko wani ya tsinta, ba a tuhumar mai shi. Amma mutumin da ya sayar da gonar gado ya cinye kuɗin ba ya fitowa majalisa ya ce jama'a gonata ta ɓace, kowa ya san yadda aka yi, gonar tana nan inda take, shi ne dai ya rabu da ita. A waƙar Milton ma ranar da aka yi korar lambun bai je ko'ina ba, yana nan, mala'iku na tsaronsa da takobi mai harshen wuta, mutanen ciki ne aka fitar. In za a faɗe shi da Hausa yadda ya kamata sai dai a ce Aljannar da aka yi asara, ko Aljannar da aka rasa, don mai karatu ya tambaya nan take, wa ya yi asarar, kuma ta yaya. Wani abin sha'awa kuma, ita kanta kalmar paradise da Firdausi ɗin da muke roƙa kullum a addu'a tushensu ɗaya ne, daga tsohuwar kalmar Farisa da ke nufin lambu mai katanga, ta bi ta Girkanci ta shiga harsunan Turai. Shi ya sa da masanin nan ɗan Masar Muhammad Inani ya juya waƙar zuwa Larabci sunanta ya zama Alfirdausul Mafƙud.

Bari in tsaya kaɗan kan kashi na 9, don a nan zuciyar littafin take, kuma nan ne nake so ɗan'uwana marubucin sharhin ya je ya duba da kansa in Allah ya ba shi iko. A yadda Milton ya tsara, ba zaman banza Adamu da Hawwa'u suke yi a lambun ba, aiki suke yi, suna sassabe suna gyaran rassa, har aikin ya yi musu yawa, abin da suka datse yau gobe ya sake tofowa. Ran nan da safe sai ita ta ce su raba aikin kowa ya kama gefensa don in suna tare hira da kallon juna na cinye musu lokaci. Shi ya san akwai maƙiyi a kusa don mala'ika Rafa'ilu ya riga ya zo har gida ya zauna ya gargaɗe su, ya nuna mata bai so ba, suka yi ta ja, a ƙarshe ya ce to je ki. Shaiɗan ya shiga jikin maciji ya same ta ita kaɗai, ya fara da yabo, ya ce shi ma ɗan itaciyar ya ci ya samu baki da hankali, ta ci. Shi kuwa Adamu yana can yana jiranta har ya saƙa mata kambun furanni zai ɗora mata a ka, da ta dawo ta gaya masa abin da ta yi sai jininsa ya daskare, kambun ya suɓuce daga hannunsa furannin suka zube a ƙasa. Kuma mawaƙin ya faɗa ƙarara cewa shi ba a yaudare shi ba, yana sane sarai ya karɓa ya ci, don ba zai iya rabuwa da ita ba. To bayan sun ci, bayan maye ya sake su, me suka yi? Faɗa. Shi ya ce da kin ji maganata kin zauna kusa da ni da ba a yi haka ba, ita ta ce kai ne babba me ya sa ba ka hana ni da ƙarfi ba. Kashin gaba ɗaya ya ƙare ne da cewa haka suka ɓata sa'o'i suna zargin juna, babu wanda ya zargi kansa, kuma gardamar ba ta da alamar ƙarewa.

Malam Edita don Allah ka gaya mini in ba haka majalisunmu suke ba. Ka zauna wajen mai shayi a Tudun Wada ko Sabon Gari bayan isha'i a ɗauko zancen yadda gari ya lalace, ɗan kasuwa zai ce 'yan boko ne, ɗan boko zai ce 'yan siyasa ne, ɗan siyasa zai ce soja ne suka ɓata komai tun da, dattijo zai ce yaran zamani, yaro zai ce ku ne kuka ci naku kuka ci namu, a sha shayi a watse gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Laifi tudu ne dai. Ban ce gwamnatoci ba su da kaso ba, suna da shi babba ma, ba talaka ne ya kashe jirgin ƙasa ba, ba talaka ne ya bar masaƙun Kaduna da aka fara tun 1957 suka durƙushe ba, rashin wuta da shigo da atamfa ta ɓarauniyar hanya da sakacin masu mulki duk suna ciki. Amma ganuwar Zariya fa? Wa ya yi ta ɗibar ƙasarta yana yin tubali, wa ya yanka fili a kanta ya sayar, wa ya saya ya gina? Wa ke juye shara a kwata da daddare in an ga hadari ya haɗo don ruwa ya tafi da ita, sannan in ruwan ya shigo ɗaki a ce ƙaddara? Ka je ka tsaya a bakin Kubanni ka ga ledar da ke kwance a gefen ruwan, ba daga Abuja aka kawo ta ba. Bishiyoyin da muka taso muka tarar a bakin hanya da filayen makarantu, da yawansu hannunmu ne ya kai su murhu. In mutum zai rubuta Paradise Lost a ƙarƙashin hoton Ƙofar Doka to ya san ya ɗauko sunan littafin da ke tambayarsa nasa kason, ba wai littafin da zai taya shi nuna wani da yatsa ba.

Kuma abin nan ba sai mun je Ingila ba, yana cikin Alƙur'ani da muke karantawa kullum. A Suratul Ƙalam akwai labarin masu lambu, kalmar da aka yi amfani da ita ma janna ce, waɗanda suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe ba tare da miskini ya shigo ba, suka wayi gari lambun ya zama baƙi ƙirin, da farko suka ce ai ɓatan hanya muka yi, sannan suka juya suna zargin juna, sai a ƙarshe suka ce kaitonmu mu ne muka ƙetare iyaka. Ga mutanen Saba'i da lambunansu biyu dama da hagu da aka ce su ci su gode suka juya baya, ambaliya ta tafi da su. Ga mai lambu biyu a Suratul Kahfi yana tafa hannu kan abin da ya kashe. Kuma a Suratu Ibrahim aya ta 22 shi kansa Shaiɗan zai ce ranar ƙiyama ni kiranku kawai na yi kuka amsa, kada ku zarge ni, ku zargi kanku. Larabawa ma in suka ce Alfirdausul Mafƙud sau da yawa Andalus suke nufi, wato yankin Sifaniya ta yau, ƙasar da Musulmi suka shiga a 711 mulkinsu ya ƙare da faɗuwar birnin Garnaɗa a 1492, kuma duk wanda ya karanta tarihin ya san bayan rushewar halifancin Ƙurɗuba a 1031 ƙasar ta tsattsage zuwa ƙananan masarautu masu yaƙar juna, wani har ya haɗa kai da abokin gaba don ya ga bayan ɗan'uwansa. Wanda zai yi kukan Andalus ya tsallake wannan babin bai yi wa tarihi adalci ba.

Sai dai dole in ja kunne a nan, musamman ga ɗalibai da kuma masu ɗauka cewa tunda labarin Adamu da Hawwa'u ne ai duk ɗaya ne da namu. Ba ɗaya ba ne. Milton Kirista ne, a kan Littafin Farawa sura ta 3 ya yi gininsa, sannan ya ƙara abubuwa masu yawa daga tunaninsa, irin su yaƙin kwana uku a sama har da igwa, da majalisar shaiɗanu a fadarsu da ya raɗa wa suna Pandemonium, kalmar da ta shiga Turanci har yau ana kiran hargitsi da ita. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa, inda aikin mishan ya kafu tun zamanin Likita Miller kuma suna da Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, su ma za su gaya maka wannan waƙa ce ba nassi ba. A wajenmu Musulmi bambancin ya fi haka zurfi. Shi Shaiɗan ɗin Milton babban mala'ika ne da ya yi tawaye saboda an ɗaukaka wanda waƙar ke kira Ɗa, mu kuwa Suratul Kahfi aya ta 50 ta gaya mana Iblis daga aljanu yake, mala'iku ba sa saɓo, kuma abin da ya kai shi ya baro shi shi ne ƙin yin sujada ga Annabi Adamu, yana cewa ni daga wuta shi daga laka. Alƙur'ani bai ɗora wa Nana Hawwa'u laifin farawa ba, su biyun aka yi wa waswasi, su biyun suka ci, su biyun suka ce Rabbana zalamna anfusana kamar yadda yake a Suratul A'araf aya ta 23, Allah ya karɓi tuba, magana ta ƙare a nan, babu zunubin da jariri ke gada, babu mai ɗaukar kayan wani. Kuma tun kafin halittar ma an riga an gaya wa mala'iku cewa halifa za a sanya a bayan ƙasa. Sannan mu ba ma siffanta Ubangiji yana zaune yana muhawara kamar yadda mawaƙin ya yi, kuma ba ma sa wa Annabi magana a baki. Duk wannan ya kamata malami ya fayyace wa ɗalibi kafin a buɗe shafin farko. Amma ban yarda da masu cewa karanta shi haramun ne ko ɓata lokaci ba, ai malamanmu na zaure sun karantar da waƙoƙin jahiliyya don sanin Larabci kuma imaninsu bai girgiza ba. Ka san abu ka san inda ya saɓa da naka ya fi ka ari sunansa kana yawo da shi ba ka san me ke ciki ba.

Misalin wannan aron na ganin ido, kwanan baya wata 'yar ƙanwata da ke karanta Turanci a jami'a ta miƙo mini waya ta ce Kawu duba abin da wani ɗan ajinmu ya sa a sitatus. Hoton yaron ne ya sha baƙin tabarau ya harɗe hannu, a ƙasa ya rubuta da Turanci cewa gara ka yi mulki a wuta da ka yi bauta a Aljanna, har da alamar kambun sarauta, abokai suna ta yi masa tafi a ƙasa. Ta ce wai shi nufinsa ba zai yi wa kowa aiki ba sana'ar kansa zai yi. Niyyar ba laifi, amma wallahi sai da gabana ya faɗi, ɗan Musulmi da ke roƙon tsari daga wuta sau biyar a rana. Wannan magana daga kashi na 1 na Paradise Lost take, kuma Shaiɗan ne ya faɗe ta bayan an jefo shi, yana ƙarfafa wa mabiyansa gwiwa. Gaskiya ne Milton ya ba shi baki sosai a farkon waƙar, har wani mawaƙin Ingila William Blake daga baya ya ce Milton ɗan jam'iyyar Shaiɗan ne bai sani ba, kuma masana na ta gardama kan wannan har yanzu. Amma wanda ya daure ya ci gaba da karatu zai ga yadda ake ta zare masa riga. A kashi na 4 da ya keɓe shi kaɗai ya amsa da bakinsa cewa duk inda ya gudu wuta ce, shi kansa ne wutar, kuma girman kai ne ya hana shi tuba. Daga babban mala'ika ya koma yana raɓewa a siffar tsuntsu, ya koma kwaɗo a kunnen mai barci, ya koma maciji. A kashi na 10 da ya koma fadarsa yana jiran a yi masa tafi kan nasarar da ya samu, sai ya ji tsaki ta ko'ina, duk an mayar da su macizai, suka ruga kan wasu 'ya'yan itatuwa masu kyan gani suka gatsa sai toka a baki. Na ce mata ta gaya wa yaron ya sauke abin nan, kuma ya karanta har ƙarshe tunda dai littafin yana cikin abin da ya zo koya.

Wani abu kuma da sunan nan ke jawo mana in muka yi amfani da shi barkatai shi ne yana sa mu wanke jiya tas kamar ba ta da dauɗa. Zariyar da tana da albarkarta, ba na musu, nan aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan Kwalejin Barewa ta dawo a 1949, nan aka buɗe jami'a a 1962 da mutane suka riƙa zuwa daga ko'ina a Afirka. Amma ku tambayi iyayenmu mata 'ya'ya nawa suka binne saboda ƙyanda da agana. Agana sai a 1980 aka ce an gama da ita a duniya, kurkunu da ke kwantar da manomi damina guda sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Ku tambayi mutanen karkara labarin aikin tilas na shimfiɗa layin dogon nan da muke kewa, da haraji da jangali. A cikin waɗannan shekarun da muke kira na zinariya aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 1966, aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, aka yi farin 1973. 'Ya'ya mata nawa ne suka taka ƙofar makaranta a lokacin? Ni ina ganin in muka ce wa yaro ɗan shekara ashirin an yi Aljanna a garin nan amma ka makara, ba mu ba shi komai ba sai takaici, kuma shi ne za ka ji yana cewa ai ƙasar ta gama lalacewa gara ya bi ta Agadas.

Shi kuwa mai waƙar, in akwai wanda ya cancanci ya zauna yana kukan jiya to shi ne. Ya ba da ƙarfinsa da idonsa ga gwamnatin da aka kafa bayan an kashe Sarki Charles na ɗaya a 1649, shi ne sakataren da ke rubuta mata wasiƙun ƙasashen waje da Latin, a 1660 komai ya rushe sarauta ta dawo, aka ƙona wasu littattafansa a bainar jama'a, aka tsare shi na ɗan lokaci, da ƙyar ya tsira da ransa. Ya binne mata biyu da 'ya'ya, annoba ta ci Landan a 1665, gobara ta bi bayanta a 1666 har gidan da aka haife shi ta cinye. A cikin wannan hali ya gama waƙar, kuma duba yadda ya rufe ta. A kashi na 10 ita Hawwa'u ce ta fara saukowa, ta zo tana kuka ta faɗi a ƙafafunsa ta ce laifin nata ne, shi ma zuciyarsa ta yi laushi ya ce mu daina zargin juna, suka koma inda aka yi musu hukunci suka durƙusa suka nemi gafara. Duk da haka ba a ce su zauna ba, fita dole. Mala'ika Mika'ilu ya hau da Adamu kan dutse ya nuna masa abin da zuriyarsa za ta gani, kisan kai, cuta, ruwan ɗufana, sannan ya gaya masa in ya haɗa iliminsa da aiki da imani da haƙuri da ƙauna to zai samu wata Aljanna a cikin ransa da ta fi wadda ya bari. Suka waiwaya suka ga ƙofar, suka zubar da hawaye kaɗan suka share, duniya gaba ɗaya tana gabansu, suka kama hannun juna suka tafi a hankali. Bayan shekara huɗu da fitowar waƙar, a 1671, ya fitar da wata gajeruwa mai kashi 4, Paradise Regained, wato Aljannar da aka sake samu, kan yadda Shaiɗan ya jarabci Annabi Isa a jeji bai ci nasara ba. Wannan sunan na biyu ban cika ganin kowa ya liƙa shi a ƙarƙashin hoto ba.

Don haka roƙona gare ku, ranka ya daɗe, in wani ya sake kawo muku rubutu da wannan take ku tambaye shi wa ya yi asarar kuma me ya rage a hannu, in ba shi da amsa ya nemi wani taken, Hausa ba ta rasa kalmomin kewa ba. Sannan ina so ku buɗe ɗan fili a shafin adabi ko sau ɗaya a wata inda za a riƙa gabatar da irin waɗannan manyan littattafai na duniya da Hausa, a faɗi abin da ke ciki da inda ya dace da namu da inda ya saɓa, ga malaman Turanci da na Hausa da na Larabci a Samaru da Kongo, ga malaman zaure a cikin birni, in kun neme su ba za su ƙi ba. In ma da hali wani mai kunnen waƙa a cikinsu ya gwada juya ko da kashi na 9 ne kaɗai zuwa baitocin Hausa da bayani a gefe, ku riƙa bugawa kaɗan-kaɗan. Shi kuma ɗan'uwana marubucin sharhin ina gaishe shi da kyau, Allah ya saka masa da alheri kan kishin garinmu, kuma ina fata zai yi mana kashi na biyu ya zagaya ganuwa ƙofa-ƙofa ya rubuta mana abin da ya saura da wanda ke da alhakin kula da shi, in yana bukatar ɗan rakiya ku ba shi lambata, tana wajenku.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.